Yadda na gyara bayan kififiyar ɗana

Da damina ɗana ya kamo kififiya a kududdufi kusa da Ringim, muka ajiye ta a tsohon baho cikin zaure. Bayan wata biyu bayanta ya fara ɓarewa, ya yi laushi, har da wari. Hankalina ya tashi.

Saɓar ɓawo siriri kamar farce girma ne, ba ciwo ba. Laushin ne matsalar, kuma laifina ne: ba rana, ruwa ya ruɓe.

Na fito da bahon tsakar gida, na sa dutsen da za ta hau ta bushe da hantsi, gefe kuma inuwa. Kullum sabon ruwa. Abinci, ƙananan kifi da ƙayarsu da dakakken ɓawon ƙwai. Na hana yara ɓamɓarar ɓawon bayanta. Yanzu bayan nata ya yi tauri, warin ya tafi.