Ku riƙa karanta wa yara Magana Jari Ce da dare

Assalamu alaikum iyaye. Masu kukan cewa Hausar 'ya'yansu ta zama gauraye, ga shawara: ku nemi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ku riƙa karanta musu a bayyane bayan sallar isha'i. Littafi uku ne, labaran kuma gajeru, don haka labari ɗaya ya ishi dare ɗaya.

Don Allah kada a karanta shi kamar sanarwa. Ku sauya murya in waziri ke magana, ku sake sauyawa in aku ya karɓa. In kun zo kan karin magana ko tsohuwar kalma, ku dakata ku tambayi yaro me ya fahimta kafin ku faɗa masa. A ganina nan amfanin ya fi yawa. Yaro na gane jimlar da ya ji tun kafin ya iya karanta ta da kansa. Ga shi rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, sai daga bakinku zai ɗauka.

Washegari ku sa shi ya ba ƙannensa labarin, kada ku katse shi da gyara. Wanda ya fara haɗa baƙi, a miƙa masa layi biyu ko uku ya karanta.

In sun tasa, a shiga Ruwan Bagaja, amma ku fara dubawa, akwai wuraren tsallakewa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa a jinkirta shi, labarin bauta ya yi wa ƙanana nauyi.