Shawara ga masu son fara Tai Chi a gida

Jama'a, wanda zai fara wasannin motsa jiki na Sin kada ya faɗa wa tsalle-tsallen Shaolin tun ranar farko. Ku fara da Baduanjin. Motsi takwas ne kacal, a tsaye ake yi, kuma bai kai minti 15 ba. In jiki ya saba, sai ku koma Tai Chi mai motsi 24 da aka tsara a 1956 domin kowa ya iya.

Ku kula da gwiwa sosai, ta riƙa fuskantar inda yatsun ƙafa suka nufa. Iyayenmu dattawa su ɗan rusuna kaɗan kawai, kujera na kusa. Kada a riƙe numfashi. Yara kam, ku bar su su yi ta kwaikwayonku.