Ga ƙannena masu tafiya digiri na uku kan harkar ruwa

Salamu alaikum jama'a. Tun da na dawo Jos kusan kullum sai wani ya tare ni, ko bayan sallar Juma'a ko wajen mai shayi a Terminus, wai yaya ya aka yi ka samu tafiya, me ake karantawa a can, da me mutum zai shirya. Yanzu ma akwai ƙanne biyu da ke jiran biza, ɗaya namiji ɗaya mace, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya amfana. Ni a Holan na yi, garin Delft, saboda haka abin da zan faɗa ya fi karkata can.

Farko dai maganar samun gurbi. A Holan da yawa daga cikin guraben digiri na uku aiki ne ake tallatawa, shekara 4, da albashi duk wata, za ka gan su a shafukan intanet na AcademicTransfer ko EURAXESS, na Ingila kuma a FindAPhD. A ɓangaren tallafin karatu akwai DAAD na Jamus, akwai Commonwealth, akwai na Marie Curie wanda bai ware ɗan wata ƙasa ba, sharaɗinsu dai kada ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 cikin shekara 3 da suka wuce, mu kuwa wannan bai shafe mu ba. A Delft ɗin akwai IHE, makarantar da ba ta da wani aiki sai ruwa tun 1957, ga kuma jami'ar TU Delft, sai jami'ar garin Wageningen ga mai son ɓangaren ban ruwa da noma. In za ka rubuta wa farfesa imel don Allah ka karanta ko da takarda biyu ne cikin waɗanda ya wallafa, ka gaya masa inda aikinsa ya haɗu da naka, saƙo ɗaya da aka tura wa mutum hamsin suna gane shi tun layin farko.

To abin da ya fi damuna shi ne wannan. Yaranmu suna tafiya hannu rabbana, suna ganin duk ilimin yana can, su nasu kawai su karɓa. Wallahi ba haka ba ne. Mutumin Holan yana kashe kusan lita 130 na ruwa a rana, mafi yawa a wanka da bayi, gwamnatinsu tana so a sauko zuwa lita 100 nan da 2035, kuma ana ta bincike kan yadda za a shawo kan mutane su rage. Lita 130 fa jarka biyar ke nan da ɗoriya, na mutum ɗaya. Kai da ka tashi a Rikkos ko Anguwan Rogo kana jiran mai ruwa ya turo kura, ka san yadda Mama ke juya jarka uku ta ishi gida, ruwan ɗauraya ya koma shara, na wankin shinkafa a ba dabbobi, ka riga ka san abin da su suke auna shi da mita. Lokacin da fari ya matsa wa Cape Town a 2018 an kayyade wa kowa lita 50 a rana, duniya ta yi ta magana, mu kuwa jarka biyu ga mutum ɗaya ai a unguwanni da yawa wadata ce. Wannan sanin ka riƙe shi da kyau, ka faɗe shi a gaban sufabaiza, wato malamin da ke duba bincikenka, ba tare da jin kunya ba, nawa ya fi saurarona ne ranar da na zana masa yadda ruwa ke zagayawa a gidanmu.

Amma kuma kar ka ɗauka rage ruwa a wajenmu yana nufin a ce wa talaka ya ƙara tsuke hannu, shi ya riga ya tsuke. Namu ruwan yana zubewa ne a bututun da ya fashe tsakanin dam da famfon gida, da kuma gona. A duniya kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba noma ne ke sha. Ka je bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari wajen Bukuru da Barkin Ladi da rani ka ga yadda ake jan ruwa da inji ana malala wa dankali da kabeji da karas, nawa ne shukar ta sha, nawa rana ta kwashe, me ke cikin ruwan kansa, ban ruwa na ɗigo zai biya manomi kuɗinsa ko ba zai biya ba, kowanne cikin waɗannan ya isa digiri guda. Haka ruwan da ke tasowa daga Lamingo ko dam ɗin Yakubu Gowon, ko Usuma ga 'yan Abuja, nawa ke isa gida. In hankalinka ya fi tafiya arewa ga dam ɗin Tiga da na Challawa da abin da suka yi wa fadamar Haɗeja da Nguru, ga Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960. Irin wannan tambayar za ka sa a jaka.

Kuma ka tara bayananka kafin ka hau jirgi, wannan na sha wuyarsa sosai. Ina can na rubuta wa wani ofishi a gida ina neman alƙaluman ruwan sama da na kogi, wata huɗu shiru, sai da ƙanina ya je da ƙafarsa sau uku sannan aka ba shi takardu a fayil wasu shafukan babu, ni kuma lokaci yana ta tafiya kuɗin tallafi ba ya jira. Tun kana gida ka nemi wasiƙa daga jami'arka ka bi hukumomin da ke da alƙaluman, NiMet na yanayi, NIHSA na koguna duk suna Abuja, cibiyar ruwa ta ƙasa tana Mando a Kaduna, ka gaisa da mutane ka karɓi lambarsu. Inda aka samu giɓi akwai alƙaluman ruwan sama na tauraron ɗan adam irin CHIRPS da ake saukewa kyauta. Sannan ka fara taɓa manhajojin kwamfuta irin Python ko R da QGIS tun yanzu, mai bututu ya koyi EPANET, mai kogi SWAT ko HEC-RAS, mai ruwan ƙarƙashin ƙasa MODFLOW, don a can ba wanda zai zaunar da kai a aji, ana ɗaukarka abokin aiki ne.

Sauka kuma. Gida shi ne babbar matsala a Delft, ka fara nema ranar da aka ba ka gurbi, kuma kar ka tura wa kowa kuɗin ɗakin da ba ka tabbatar ba. Sai da adireshi za ka yi rajista a ofishin gari su ba ka lambar BSN, wato lambar shaidarka a wajen hukuma, da ita ake albashi da inshorar lafiya, takardar haihuwarka kuwa ka kai a tantance a ma'aikatar harkokin waje a Abuja tun kafin tafiya. Ka sayi keke na hannu da kwaɗo mai ƙarfi. Mu 'yan Jos muna cewa mun san sanyi, to na can da iska da yayyafi yake zuwa, a Disamba kafin ƙarfe 5 na yamma duhu ya yi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa, ka tsara lokacin lab ɗinka da wannan. Naman halal da masallatai akwai, musamman shagunan Turkawa da 'yan Maroko a Rotterdam da Hague. Ƙanwata mai tafiya Ingila, tun Janairun 2024 masu digiri na bincike ne aka bari su je da iyali, ke kina ciki, sai dai ki lissafa kuɗin haya da na mai rainon yara da maigidanki tun a nan.

Sufabaiza zai ce ka kira shi da sunansa, zai kuma gaya maka aikinka bai yi ba kai tsaye a gaban mutane, ba wulaƙanci ba ne haka suke. In ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, shirun da muke yi na ladabi su suna ɗauka ka yarda ne.

Ruwan famfonsu ana sha, kar ka ɓata kuɗi a na roba. Bayinsu kuma ba ruwa sai takarda, don haka ka sa buta cikin kayanka, ƙarama mai shiga jakar baya don ofis, ni biyu na tafi da su daga nan Jos.