Darasi na 7: Shagon Firam da Baje Kolin Zane

A kowane gari akwai abubuwan da mutane ba sa son su lalace: hoton biki, takardar shaidar gama makaranta, hoton tsoho da ya rasu, Ayatul Kursiyyu da wani gwani ya rubuta da hannu. Mai shagon firam shi ne ke sa wa irin waɗannan katako da gilashi, a rataye a bango. Sana'ar ba ta cin babban jari. Amma tana son mai iya karanta lamba a jikin tef, mai iya rubuta rasit, mai iya lissafi. Shi ya sa muka kawo ta cikin wannan littafi.

Kayan aikin kaɗan ne: tef na awo, sukwaya (ma'aunin daidaita kusurwa), zarto mai ƙananan haƙora, guduma, ƙananan ƙusoshi, gam na katako, samfefa, wuƙa mai kaifi da abin yanka gilashi. Sai tebur mai faɗi, wanda kullum ake shimfiɗa masa tsabtataccen ƙyalle. Katakon kuwa sai busasshe. Ɗanye yakan lanƙwashe idan iskar hunturu ta buge shi, kusurwa ta buɗe baki, mai kaya ya dawo da fushi.

Awo

A nan ne za mu daɗe, domin a nan ake asara. Tef yana da fuska biyu, inci da santimita. Inci 1 daidai yake da santimita 2.54. Zaɓi guda ka tsaya a kai har aikin ya ƙare. Masu ɗaukar hoto sun fi kiran girma da inci, kamar 5 da 7 ko 8 da 10. Takardar ofis da ake kira A4 kuwa santimita 21 ce da 29.7.

A ce an kawo maka hoto mai inci 8 da 10. Za ka kewaye shi da kwali mai kauri, inci 2 a kowane gefe. Faɗi ya zama 8 + 2 + 2 = 12. Tsawo ya zama 10 + 2 + 2 = 14. To, gilashinka da fallen katakon baya duk 12 da 14 za ka yanka.

Yanzu sandar firam nawa za ta ci? Haɗa gefuna huɗu: 12 + 14 + 12 + 14 = 52. Sabon hannu nan yake tsayawa, ya yanko inci 52, sanda ta gaza. Dalili shi ne kowace kusurwa a karkace ake yanka ta, digiri 45, kuma yanka takwas ne. Kowane yanka yana cin daidai faɗin sandar. Idan faɗinta inci 1 ne, sai ka ƙara 8: 52 + 8 = 60. Inci 60 ƙafa 5 ke nan, tunda ƙafa 1 inci 12 ce. Ka bar ɗan rara saboda abin da zarto zai ci. Haka kuma gurbin da gilashi zai zauna ya ɗan fi gilashin girma kaɗan, don kada ya matse ya tsage.

Bayan ka haɗa firam, auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, sannan ka auna ɗaya ɓangaren. In lambobin biyu sun zo ɗaya, firam ya miƙe. In sun saɓa, gyara tun gam bai bushe ba.

Kayan mutane amana ne

Kwalin nan da muka kewaye hoto da shi ba ado kaɗai ba ne. Shi ke hana fuskar hoto taɓa gilashi. Da damina danshi kan shiga, hoto ya manne a gilashi, in aka ja sai fuskar mutum ta ɗaye. Hoton wanda ya rasu, in shi kaɗai ne a gidan, ba kuɗin da zai biya shi. Kada ka shafa gam a bayan hoto ko takarda. Yanko ƙananan aljihunan takarda ka maƙale kusurwoyin a ciki. Ka liƙe bayan firam da takarda mai ƙarfi saboda ƙura da kyankyasai, ka kuma gaya wa mai kaya kada ya rataya inda rana ke bugawa, don rana na kashe launi. Bangon ƙasa da gara ke bi, shi ma a guje shi.

Idan takardar shaida ce, ba mai ita shawara ya yi hotonta, a sa hoton a firam, ainihin ta koma akwati. Wata rana za a nemi ganinta a wajen neman aiki. Rubutun Alƙur'ani kuwa ba a ajiye shi a ƙasa, ba a ɗora masa guduma ko kofin shayi. Mutanen gari suna lura da wannan tun kafin su tambayi kuɗin aiki.

Rasit da farashi

Kada kaya su kwana a shagonka ba rubutu. Rubuta kwanan wata, sunan mai kaya, abin da ya kawo, awo, irin katakon da ya zaɓa, kuɗin aiki, kafin alƙalami da ranar karɓa. Idan hoton ya zo da yaga ko tabo, nuna wa mai shi a take, ka rubuta.

"Hajiya, kin ga gefen nan ya ɗan yage tun daga gida."

"Na gani, ɗan nan. Yara ne suka ja shi."

"To zan rubuta a rasit, kwali kuma zai rufe wurin."

Wannan 'yar magana ta minti ɗaya ta kashe rigimar da za a yi ranar karɓa.

Farashi yana canzawa, don haka lambobin nan na koyon lissafi ne kawai. A ce katako ya ci naira 1,500, gilashi 1,200, kwali da bayan firam 800, gam da ƙusa 300. Jimla 3,800. Wannan kuɗin kaya ne tsura. Ba ka sa ladan hannunka ba, ba ka sa hayar shago ba, ba ka sa gilashin da kan fashe a hanya ba. Masu sana'a da yawa a nan suke cin uwar kuɗi suna tsammanin riba ce. Kafin alƙalamin da za ka karɓa ya kai aƙalla kuɗin kaya.

Bango guda na masu zane

Firam ne ke ciyar da shago, amma bangon da aka ƙawata shi ke tsayar da mai wucewa. Shafa wa bango guda farin fenti, ka ba masu fasahar garinku. Akwai malamin da ke zayyanar allon sauka, akwai mai sassaƙar ƙwarya, akwai mai ɗinkin dagi a fata, akwai ɗalibin da ke zana ƙofar gari ko hawan sallah. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen koyar da zane wanda ya daɗe yana yaye ɗalibai, kuma da yawansu garuruwansu suke komawa ba su da wurin nuna aiki. Kada kuma a raina aikin ƙauye. Ladi Kwali maginiyar tukwane ce daga garin Kwali, ga hotonta nan a bayan takardar naira 20.

San mutanenka. Gidaje da yawa ba sa rataya zanen mai rai, amma za su sayi rubutun Larabci, zayyana ko zanen masallaci. Otal, makaranta da ofis sukan so wani abu daban. Kada ka cika bango maƙil. Zane shida da sarari tsakaninsu sun fi ashirin a cunkushe fitowa. Tsakiyar kowane zane ta zo daidai idon mutum a tsaye, a ƙasansa kuma 'yar takarda mai sunan mai aikin da farashi.

Ba sai ka sayi zanen ba. Mai shi ya ajiye, in an saya ka cire la'ada. Amma ku daidaita tun farko, a rubuce, kowa ya sa hannu: nawa ne la'adar, wa ya biya firam, wata nawa zanen zai yi a bango, wa zai ɗauki asara in ya lalace. Ranar da aka saya, ranar za ka kira mai zane ya karɓi kuɗinsa. Kada ka juya su ka sayo gilashi, ko da kwana biyu ne.

Aikin yi

1. An kawo hoto mai inci 5 da 7. Kwali inci 2 ne a kowane gefe, faɗin sanda inci 1. Nawa ne girman gilashi? Sanda inci nawa za ka yanko?
2. An sayi zane naira 10,000, la'adarka kashi 20 cikin 100. Nawa ne naka, nawa ne na mai zane?
3. Rubuta rasit a littafinka na wanda ya kawo takardar shaida mai tabon ruwa a gefe ɗaya.