Kada ku bari a cire wa motarku tamostat

Jama'a, duk wanda ya sayo Toyota 'yar Kwatano, ga shawara. Makanike zai ce maka a cire tamostat, wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi, a haɗa fanka kai tsaye. Don Allah kar ka yarda. Aikin tamostat shi ne riƙe ruwa har injin ya kai wajen digiri 82, sannan ya sake shi zuwa lagireto. Idan babu shi, injin ba ya ɗumama yadda ya kamata, sai motar ta riƙa zuƙar fetur, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Na gani a Corolla tawa, musamman safiyar hunturu allurar zafi ba ta ko motsawa. In matsalar motar yawan zafi ce, maimakon cire tamostat, a wanke lagireto, a duba murfinsa.