Yadda Ake Zaɓar Ƙaramar Bindigar Kare Kai a Amurka

A ranar 23 ga watan Yunin 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a wata ƙara da aka shigar a kan hukumomin jihar New York, inda ta ce 'yancin riƙe makami da kundin tsarin mulkin ƙasar ya tanada tun 1791 bai tsaya a ƙofar gida ba, ya haɗa da fita da ƙaramar bindiga a jiki domin kare kai. Bayanin da ke tafe ya shafi mazaunin Amurka ne kaɗai. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sanya fistol da libarba, wato nau'o'in ƙaramar bindiga biyu, cikin haramtattun makamai waɗanda ba a riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa, saboda haka wanda ya ɗauki abin da ya halatta a Texas ya aikata shi a Kano, gidan yari zai kwana.

Mataki na farko shi ne mutum ya tabbatar doka ta yarje masa, tun kafin ya taka shagon bindigogi. Dokar tarayya ta ce sai mai shekara 21 zai sayi ƙaramar bindiga a hannun dillali mai lasisi, kuma zai cike takarda mai lamba 4473, sannan a binciki sunansa a rumbun bayanan da hukumar FBI ke gudanarwa tun 1998. Ɗan ƙasa da mai takardar zaman dindindin suna iya saye, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara an hana shi, sai a wasu yanayi ƙalilan da dokar ta keɓe, kamar mallakar lasisin farauta. An kuma hana wanda aka taɓa samu da babban laifi da wanda kotu ta hukunta kan dukan iyali. Takardar tana tambaya game da shan tabar wiwi ko da jihar mutum ta halatta ta, kuma yin ƙarya a kanta babban laifi ne. Haka nan saya wa wani da sunanka, ko da ɗan uwanka ne na jini, laifi ne da zai iya jawo ɗaurin shekara 15.

Izinin saye daban, izinin ɗauka a jiki daban, kuma na biyun yana hannun jihohi. Zuwa 2024 jihohi 29 sun daina neman lasisi kafin mutum ya ɓoye bindiga a jikinsa, ciki har da Arizona tun 2010, Texas tun 2021 da Florida tun 2023. New York kuwa tana neman horon awa 16 a aji da awa 2 na harbi kafin ta ba da lasisi, kuma ita da California da New Jersey sun hana gidan harsashin da ke cin fiye da harsasai 10. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe tana rage zaɓin mai saye tun daga tushe, domin ba shi da amfani ya ƙwallafa rai a kan bindiga saboda yawan harsasanta alhali jiharsa ba za ta bar shi ya cika ta ba. Lasisin wata jiha kuma ba lallai ne ya yi aiki a maƙwabciyarta ba, abin da direbobin manyan motoci da masu yawan tafiya ya kamata su bincika a kowace hanya da suke bi.

Mataki na biyu, wanda yawancin masu saye suke tsallakewa, shi ne mutum ya dubi tufafinsa da yadda yininsa yake gudana. Mai sanya wando da ɗamara da rigar da take sauka ƙasa da ƙugu zai iya ɓoye bindiga matsakaiciya ba tare da wahala ba. Mai sanya doguwar jallabiya ko kaftani yana ɓoye komai, amma kai hannu ƙugu ta ƙarƙashin yadin da ya kai ƙauri aiki ne mai cin lokaci, kuma wandon zariya ba ya riƙe nauyin rabin kilo, yana saɓulewa gefe guda. Direban tasi da ke yini a zaune zai ji bindigar da aka ɗaura a bayan ƙugu tana cin sa tun kafin azahar. Mai salla kuma zai lura cewa a ruku'u da sujada mariƙin bindiga yana tokare riga ya fito da siffarsa, kuma masallaci, kamar kowane wuri mai mamallaki, yana da ikon hana shiga da makami gaba ɗaya. Amsar waɗannan tambayoyi ita ce za ta nuna girman da mutum zai iya jure wa kullum.

Mataki na uku shi ne zaɓi tsakanin libarba, wato mai tulun harsashi da ke juyawa, da fistol mai gidan harsashi a cikin mariƙi. Ƙaramar libarba irin Smith & Wesson 642 tana cin harsasai 5, sarrafa ta ba shi da sarƙaƙiya, kuma idan harsashi ya ƙi tashi sai kawai a sake jan kunama. Sai dai kunamarta tana da tauri, sake cika ta yana da jinkiri, kuma samun saiti da ita yana neman dogon atisaye, don haka ban yarda da al'adar miƙa wa mata da tsofaffi ita da sunan sauƙi ba. Fistol ta fi cin harsasai, ta fi siranta, kunamarta ta fi laushi, amma tana buƙatar ƙarfin hannun da zai ja marfinta na sama baya domin ɗana ta, da sanin yadda ake fitar da harsashin da ya maƙale. Wanda hannunsa ba shi da ƙarfi ya nemi irin Smith & Wesson Shield EZ, wadda aka ƙera musamman domin marfinta ya ja da sauƙi.

Mataki na huɗu shi ne girma, kuma a nan ne sababbin masu saye suka fi tafka kuskure, domin ido yana gaya musu cewa ƙaramar bindiga ta fi daɗin sarrafawa, alhali akasin haka ne. Ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ne yake tura bindiga baya, kuma nauyin bindigar ne yake shanye wannan tunkuɗar kafin ta iso tafin hannu. Ruger LCP, wadda ta fito a 2008, ba ta kai giram 300 ba, tana shiga aljihun wando ba a sani ba, amma duk harbi sai ta mari tafin hannu, ƙaramin yatsa kuma yana reto a ƙasan mariƙi domin ba shi da wurin zama. Glock 19, wadda ke kasuwa tun 1988, tana cin harsasai 15, nauyinta ya kusa giram 700 kafin a cika ta, tana zama daram a hannu, amma siririn mutum zai sha wahalar ɓoye ta a lokacin zafi. Tsakanin waɗannan biyun akwai rukunin da SIG Sauer P365 ta buɗe a 2018, da harsasai 10 a cikin jiki mai kaurin inci 1 kacal, sannan Springfield Hellcat da Glock 43X suka biyo a 2019. A ganina wannan rukuni na tsakiya ne ya dace da yawancin mutane. Abin da ke tona asirin bindiga a ƙarƙashin riga shi ne tsawon mariƙi da kaurin jiki, bututun kuwa yana kwance ne cikin wando, don haka ƙarin tsawonsa ba ya cika zama matsala.

Mataki na biyar shi ne girman harsashi, kuma ba ya buƙatar doguwar muhawarar da ake yi a kansa. Bayan musayar wuta a Miami ranar 11 ga Afrilun 1986, inda aka kashe jami'an FBI biyu, hukumar ta bar harsashin milimita 9 ta koma masu ƙarfi, har aka samar da harsashi mai lamba .40 a 1990. Bayan kusan shekara 30 ta dawo kan milimita 9, saboda ƙirar harsasan zamani ta inganta, kuma jami'anta sun fi samun saiti da sauri da shi. Shi ne mafi araha cikin manyan harsasan fistol, kuma araharsa tana nufin ƙarin atisaye. Wanda tunkuɗarsa ta yi wa yawa ya sauka zuwa harsashi mai lamba .380, wanda bai kai shi ƙarfi ba. Domin kariya ana amfani da harsashi mai ramin kai, wanda yake buɗewa ya tsaya maimakon ya ratsa ya sami wanda ba ruwansa, amma New Jersey tana da ƙa'idoji masu tsauri a kansa.

Mataki na shida shi ne gwaji kafin biya. Filayen koyon harbi da yawa suna ba da hayar bindigogi, kuma kuɗin hayar uku ko huɗu bai kai asarar sayen wadda ba ta dace ba. Mutum ya riƙe bindigar da aka tabbatar babu harsashi a cikinta, ya duba ko tsokar yatsansa ta nuni tana zama a kan kunama ba tare da ya murɗa hannu ba, ko babban yatsansa yana kai wa maɓallin sakin gidan harsashi, ko kuma yana iya jan marfin har ya kulle. Sannan ya harba aƙalla harsasai 50 da kowace a nisan mita 5 zuwa 7, ya ajiye takardun saitin ya jera su. Sau da yawa wadda ta burge shi a cikin gilashin shago za ta warwatsa ramuka ko'ina a takarda, wadda bai kula da ita ba kuma ta tara su wurin da tafin hannu zai rufe, kuma wannan ta biyun ita ce tasa. Bayan saye ya ƙara harba ɗaruruwa, har da irin harsashin da zai riƙa ɗauka, kafin ya amince da ita.

Mataki na bakwai shi ne kube da ɗamara. Kube mai kyau an ƙera shi ne daidai da samfurin bindigar, da roba mai tauri ko fata mai kauri, yana rufe kunama ruf, yana riƙe bindigar ko an kifa shi, kuma bakinsa ba ya lotsewa bayan an zare ta. Jefa bindiga tsirara cikin aljihu ko jaka tare da makullai hanya ce ta harbin kai a cinya. Mayar da ita kube ma ana yin sa ne a hankali ana kallo, domin gefen riga na iya shiga ya ja kunama. Galibin bindigogin da aka ambata suna tsakanin dala 400 zuwa 700, amma wanda ya ƙarar da kuɗinsa duka a kan bindigar bai yi lissafi ba, domin kube, ɗamara, harsasan atisaye, kuɗin horo da akwatin ajiya za su iya cin kwatankwacin hakan.

Mataki na ƙarshe shi ne horo da ajiya. Duk malamin harbi zai fara da ƙa'idoji huɗu: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada a nuna bakinta ga abin da ba a nufin lalatawa, yatsa ya nisanci kunama har sai an yi saiti, kuma a san abin da ake hara da abin da ke bayansa. Horon ya haɗa da dokar kare kai ta jihar, domin harbi da bindiga ba ya halatta sai a gaban barazanar kisa ko mummunan rauni, kuma wasu jihohin suna wajabta ja da baya idan akwai hanyar tsira. Ya haɗa da abin da ake yi idan ɗan sanda ya tsayar da mota: Michigan, alal misali, ta wajabta sanar da jami'in nan take. A watan Yulin 2016 wani ɗan sanda a Minnesota ya harbe Philando Castile, baƙar fata mai lasisin ɗaukar bindiga, jim kaɗan bayan ya sanar cewa yana ɗauke da ita, saboda haka malamai suke nanata a ɗora hannu biyu a kan sitiyari, kada a motsa sai da umarni. A gida kuwa, cikin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, fiye da rabi kansu suka kashe. Gidan da ke da yara, ko baƙi masu yawan shiga da fita, ko wani mai fama da ciwon damuwa, yana buƙatar akwatin ƙarfe mai kulle tun ranar da bindigar za ta shigo, kuma duk lokacin da ta bar ƙugun mai ita, cikin akwatin za ta koma.