Idan tafin ƙafarka ya baje da girmanka: yadda ake ƙaramar tiyatar da yadda za ka shirya mata

Akwai wanda aka haifa da shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa kuma bai taɓa damunsa ba, wannan a ƙyale shi. Wanda muke magana shi ne wanda da can ƙafarsa na da ɗan lanƙwasar nan ta ciki, sai da girma ya zo ta fara bajewa, ga ciwo da kumburi ta cikin idon sawu. Yawanci wata jijiya ce da ta zagayo ta bayan ƙashin idon sawu na ciki take gajiya, ita ke riƙe da lanƙwasar. An fi ganinsa ga mata da suka haura shekara 40, da masu ƙiba, ciwon suga ko hawan jini.

Fara da gwadawa a gida. Dafa bango, tsaya da ƙafa ɗaya ka ɗaga dunduniya sama. In ka kasa ko zafi ya hana, to alama ce. Sannan wani ya tsaya bayanka ya duba, in dunduniyar ta karkace waje kuma yana hango yatsu da yawa sun leƙo ta gefe, ka nemi likitan ƙashi. Don Allah ban da masu ɗori, ba karaya ba ce, murzar ma ƙara fama wurin take. Mutanen Kano da kewaye ga asibitin ƙashi na Dala. Hoton ƙafar a tsaye ake ɗauka, don a kwance ba ya nuna yadda ta baje.

Ba a farawa da wuƙa, sai an gwada abin sakawa cikin takalmi, takalmin ɗaure idon sawu, gashi da motsa jiki da rage ƙiba na wasu watanni. In duk bai yi ba kuma ƙafar tana lanƙwasuwa in likita ya juya ta da hannu, nan ne ƙaramar tiyata ke da amfani. Wadda ta riga ta sandare sai dai a haɗe gaɓoɓin su zama ɗaya, shi ya sa jinkiri ba shi da kyau.

Yadda ake yi, ana ɗan tsaga gefen dunduniya kamar santimita 1, a sa siririn abin yanka ana kallo ta na'urar hoto, a yanke ƙashin dunduniyar a tura shi ciki wajen santimita 1 ɗin, a kafe da kusoshi. In ciwon bai yi nisa ba wani lokacin kyamara kawai ake zurawa a share jijiyar. Akwai kuma ɗan ƙarfe da ake cusawa a wani gurbi ƙasan idon sawu ya tokare ƙafar, amma wasu yana damunsu sai an cire daga baya. In agara, wato babbar jijiyar bayan dunduniya, ta ɗaure a sassauta ta. Jijiyar da ta lalace sosai kuwa sai an aro ta yatsu an dasa, wannan yankan ya fi girma, ka tambayi likita tun farko wanne cikinsu zai maka kuma ya saba yinsa?

Inda mutane ke ruɗuwa kenan, sun ga ɗinki biyu uku sai su ɗauka an gama, alhali ƙashi aka yanke kuma ƙanƙantar ramin ba ta sa ya yi saurin haɗuwa. Wajen sati 6 ba taka ƙafar, tana cikin siminti ko takalmin asibiti, sai sanduna, kumburi kuma yana iya kaiwa shekara yana zuwa yana tafiya. Kafin ranar tiyatar a daidaita suga, mai shan taba ya ajiye don tana hana ƙashi haɗuwa. Ka tanadi kujerar banɗaki tunda tsugunno ba zai yiwu ba, da ta sallah, ka dawo da shimfiɗarka ɗakin ƙasa, bayan tiyatar ka riƙa ɗora ƙafar kan filo ta fi ƙirjinka tudu. In sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko wurin ya fara ruwa da zazzaɓi, kar a jira ranar komawa, a tafi asibiti a lokacin.